Zoben gauraye da dillalin sinadarai: Yadda ake rage dagwalo da tsada wajen haɗa magunguna

Ƙwayar maganin hawan jini da ma'aikaci ke haɗiya kowace safiya kafin ya fita ofis ba ta kai ƙwayar wake girma ba. Idan amlodifin ne, sinadarin da ke aiki a cikinta miligiram 5 ne ko 10 kacal. Sauran duk gari ne da aka cakuɗa domin a samu abin riƙewa. Amma kafin wannan ɗan mitsitsin abu ya iso kantin magani a Kano ko Kaduna ko Abuja, sai da ya ratsa tukwane da bututai a wata masana'anta, galibi a Indiya ko Sin, ya kuma baro tulin datti a bayansa.

A shekarar 1992 wani masanin sinadarai ɗan Birtaniya mai aiki a ƙasar Holan, Roger Sheldon, ya fito da wani ma'auni mai sauƙi: a auna nauyin dattin da masana'anta ta zubar, a raba da nauyin kayan da ta samar. Da ya yi lissafin, sai ya tarar matatar man fetur ba ta zubar da ko kashi ɗaya cikin goma na kilo a kan kowane kilo na kayanta, alhali masana'antar magunguna tana zubar da kilo 25 zuwa sama da 100 kafin ta samu kilo ɗaya na magani. Wannan datti kuɗi aka sa aka sayo shi, kuɗi za a sa a kwashe shi, kuma duk lissafin yana ƙarewa ne a aljihun majiyyaci. Shi ya sa tun shekaru fiye da 30 da suka wuce masana suka duƙufa neman hanyoyin haɗa magani masu tsabta, kuma mafi yawan nasarar da suka samu ta dogara ne ga wani rukunin sinadarai da ake kira katalis.

Mene ne zoben gauraye?

Kowane magani gini ne na ƙananan ƙwayoyin zarra da suka sarƙe da juna. Ginshiƙin ginin shi ne kabon, wato sinadarin da gawayi ya ƙunsa. Ƙwayoyin kabon sukan jeru kamar sarƙa, wani lokaci kuma bakin sarƙar ya haɗe da ƙarshenta ta zama zobe. Idan zoben duk kabon ne, to zobe ne zalla. Idan kuwa wata baƙuwar ƙwaya ta shiga cikin jerin, kamar naitirojin ko oksijin ko farar wuta, shi ne masana ke kira zoben gauraye.

Irin wannan zobe ya cika rayuwar yau da kullum. Sinadarin da ke wartsake mai cin goro ko mai shan shayi zoben gauraye ne. Haka abin da ya sa jini ya yi ja, da abin da ya sa ganye ya yi kore, da haruffan da ƙwayoyin halitta ke ajiye gadon iyaye a cikinsu. Tunda jikin ɗan Adam da irin waɗannan zobba yake aiki, maganin da aka gina da su yakan fi saurin samun gurbin da zai maƙale a jiki ya yi aikinsa.

A 2014 masu bincike a Jami'ar Arizona ta Amurka suka bi jerin magungunan da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da su, suka gano kashi 59 cikin 100 na waɗanda ake haɗawa da sinadarai suna ɗauke da zobe mai naitirojin. Duk mai sayar da magani ya san su ko da bai san sirrin gininsu ba: Flagyl na ciwon ciki, amoksisilin, kulorokwin, omefirazol na gyambon ciki, da amlodifin ɗin da aka ambata. Saboda haka duk wanda ya sauƙaƙa hanyar gina waɗannan zobba, ya taɓa fiye da rabin abin da ke kan kantar mai magani.

Daga ina dattin yake fitowa?

Tsohuwar hanyar haɗa magani mataki-mataki ce. A zuba sinadarai a cikin ruwan narkarwa, a dafa, a tace, a wanke, a busar, sannan a sake narkarwa a wani ruwan domin mataki na gaba. Wani maganin yakan bi matakai takwas ko goma. A kowane mataki ana asarar wani kaso na kayan, kuma ruwan narkarwar, wanda yawanci daga man fetur ake samunsa, shi ne mafi yawan abin da ake zubarwa. Wasu daga cikin waɗannan ruwaye suna kama wuta, wasu suna illata hanta, wasu kuma ana zargin suna haddasa ciwon daji.

Inda wannan datti ke ƙarewa ma abin dubawa ne. A 2007 wani masani ɗan Suwidin, Joakim Larsson, da abokan aikinsa suka auna ruwan da ke fita daga wata matatar dagwalo a Patancheru, kusa da birnin Haidarabad na Indiya, wadda ke karɓar ruwan masana'antun magunguna kusan 90. Sun samu maganin sifirofuloksasin har miligiram 31 a kowace lita, wato fiye da abin da ake samu a jinin majiyyacin da ke shan maganin. Ƙwayoyin cutar da suka rayu a irin wannan ruwa sukan koyi jure wa magani, kuma ƙwayar cutar da ta bijire a Indiya ba ta neman biza kafin ta isa Afirka.

Rigakafi ya fi magani

A 1998 wasu masana biyu 'yan Amurka, Paul Anastas da John Warner, suka wallafa ƙa'idoji 12 na abin da suka kira kimiyyar sinadarai mai kiyaye muhalli, wadda a Turance ake yi wa laƙabi da launin kore. Ƙa'ida ta farko ita ce hana datti samuwa tun farko ya fi share shi bayan ya samu. Sauran sun haɗa da rage amfani da ruwan narkarwa mai guba, da yin aiki a zafin ɗaki maimakon wuta mai tsanani, da rage yawan matakai, da amfani da kayan da ake iya sake nomawa.

Akwai kuma ƙa'idar tattalin ƙwayoyin zarra, wadda Barry Trost na Jami'ar Stanford ya gabatar a 1991. Misalinta kamar tela ne da aka ba yadi biyar: gwanin tela yakan yanka ta yadda kusan duk yadin zai shiga rigar, wanda bai ƙware ba kuwa sai ƙyallaye su cika ƙasa. Hanyar haɗi mai kyau ita ce wadda yawancin ƙwayoyin da aka zuba a tukunya suka ƙare a cikin maganin.

Ƙa'ida ta tara ita ce ta katalis, kuma ɗan kasuwa ba zai sha wahalar gane ta ba. Katalis dillali ne. Mai saye da mai sayarwa suna iya kwana a kasuwa ɗaya ba su daidaita ba, sai dillali ya shigo ya haɗa su, ciniki ya faɗa, shi kuma ya wuce zuwa na gaba. Haka katalis ke haɗa sinadarai biyu da ba sa saurin haɗuwa, ya fito yadda ya shiga, ya sake haɗa wasu, har sau dubbai. Bambancinsa da dillalin kasuwa shi ne ba ya karɓar la'ada. A tsohuwar hanya kuwa, sinadarin da ke tura aikin yakan ƙare tare da aikin, don haka sai an zuba shi da yawa, kuma gawarsa ita ce dattin.

Jan ƙarfe da tukunya ɗaya

Misali mafi shahara na gina zobe da katalis shi ne na zoben tirayazol, mai ƙwayoyin naitirojin uku da kabon biyu. Tun shekarun 1960 masanin Jamus Rolf Huisgen ya yi nazarin yadda ake haɗa shi, amma sai an daɗe ana dafawa, kuma abin da ke fitowa cakuɗe ne na nau'i biyu da sai an sha wahalar rabawa. A 2002 Morten Meldal a Denmak da Barry Sharpless a Amurka, kowanne a nasa ɓangaren, suka ba da rahoton cewa ɗan jan ƙarfe kaɗan yana sauya lamarin baki ɗaya. Haɗin yakan kammala a zafin ɗaki, yana yiwuwa a cikin ruwa, nau'i ɗaya tak yake bayarwa, kuma kowace ƙwaya ta sinadaran biyu tana shiga cikin zoben. Wannan aiki ne ya sa aka ba su kyautar Nobel ta 2022 tare da Carolyn Bertozzi.

Wata dabarar kuma ita ce girkin tukunya ɗaya, inda ake zuba sinadarai uku ko huɗu lokaci guda su haɗu su ba da zobe. Dabarar tsohuwa ce: tun 1881 Arthur Hantzsch ya nuna yadda ake gina zoben da a yau yake tsakiyar nifedifin da amlodifin, kuma babban abin da haɗin ke fitarwa a gefe ruwa ne. Abin da masu bincike na zamani suka ƙara shi ne katalis mai ƙarfi kamar gari wanda ake tacewa a sake amfani da shi, da gudanar da haɗin a cikin ruwa ko giyar masana'antu ko ma ba tare da ruwan narkarwa ba. Da yawa daga cikin waɗannan dabaru har yanzu a ɗakin gwaji suke, domin abin da ya yi kyau a kwalba ba lallai ne ya yi kyau a tukunya mai lita dubu goma ba.

Darasi daga maganin ciwon suga

Inda aka ga amfanin katalis a zahiri, a ma'aunin masana'anta, shi ne sitagiliftin, maganin ciwon suga da kamfanin Merck ke sayarwa da sunan Januvia tun 2006. Ginin maganin yana da zobba biyu masu naitirojin manne da juna, kuma yana da wata matsala: yana iya fitowa a siffa biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu. Ɗaya ce kawai ake buƙata, kamar yadda takalmin dama ba ya shiga ƙafar hagu.

Hanyar farko da kamfanin ya bi doguwa ce mai yawan datti. Daga baya masanansa suka samo katalis na wani ƙarfe mai suna rodiyom wanda ke zaɓar siffar da ake so kai-tsaye. Bisa bayanin hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ta karrama aikin a 2006, sabuwar hanyar ta rage datti da kilo 220 a kan kowane kilo na maganin, ta kuma ƙara yawan abin da ake samu da kusan rabi.

Duk da haka da sauran rina a kaba. Rodiyom yana cikin ƙarafa mafiya tsada a duniya, yawancinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi, kuma dole a cire ɓurɓushinsa daga maganin kafin ya isa bakin majiyyaci. Aikin kuma yana buƙatar iskar haidirojin a tukwane na musamman masu jure matsi. Sai Merck ya haɗa kai da kamfanin Codexis suka koma ga katalis ɗin halitta, wato enzayim, irin abin da ke sa yisti ya kumbura burodi ko madara ta zama nono. Enzayim ɗin da suka fara da shi ba ya iya kama sinadarin ko kaɗan. Suka riƙa sauya gininsa suna zaɓar wanda ya fi aiki, kamar yadda manomi ke ware iri mai kyau kowace kaka, har zagaye 11 da sauye-sauye 27. Sakamakon da suka wallafa a 2010 ya nuna an daina buƙatar ƙarfen da tukwanen matsi, datti ya ƙara raguwa da kashi 19 cikin 100, abin da masana'anta ke fitarwa a rana kuma ya ƙaru da kashi 53. Wannan dabara ta horar da enzayim ita ce ta sa aka ba Frances Arnold kyautar Nobel a 2018.

Haske, ganye da zazzaɓin cizon sauro

Babu misalin da ya shafi Najeriya kamar na atemisinin, tushen magungunan zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya a Najeriya suke. Masaniyar ƙasar Sin, Tu Youyou, da tawagarta ne suka ware sinadarin a 1972 daga wani tsiro ɗan dangin tazargade, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Ƙarfin maganin yana cikin wani zoben gauraye mai ƙwayoyin oksijin biyu a jere, wanda ke fashewa idan ya haɗu da sinadarin ƙarfe a cikin ƙwayar cutar, ya hallaka ta.

Gina wannan zobe daga tushe yana da wuya da tsada, don haka duniya ta dogara ga manoman tsiron a Sin da Biyetnam da Madagaska da gabashin Afirka. Ganyen ba ya ƙunsar sinadarin sai kusan kashi ɗaya cikin 100 na busasshen nauyinsa, kuma daga shuka zuwa magani yakan ɗauki sama da shekara. Shekarar da aka noma da yawa farashi ya faɗi, manoma su guje shi, shekara mai zuwa ya yi ƙaranci farashi ya tashi.

Domin magance wannan, Jay Keasling na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya jagoranci sauya halittar yisti ta yadda zai ci sukari ya fitar da wani sinadari da ya rage matakai kaɗan ya zama atemisinin, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates. A 2013 kamfanin Sanofi ya buɗe masana'anta a Garessio ta ƙasar Italiya, inda ake kammala ginin zoben da hasken fitila da iskar oksijin da wani rini mai aikin katalis. A Jamus kuma tawagar Peter Seeberger ta Cibiyar Max Planck ta nuna a 2012 cewa ana iya yin aikin a cikin siririn bututu da aka naɗe a jikin fitila, kayan na gudana ba tsayawa. A 2018 suka ƙara da cewa koren launin da ke cikin ganyen kansa ya isa ya zama katalis, ba sai an sayo rini ba.

Sai dai kasuwa ba ta duba kyawun dabara. Manoma sun samu yabanya mai kyau, farashin na gona ya faɗi ƙasa da na masana'anta, har ya zama a 2015 Sanofi bai samar da ko kilo ɗaya ta sabuwar hanyar ba, kuma a 2016 masana'antar ta koma hannun kamfanin Huvepharma na Bulgeriya. Hanya mai tsabta ba ta ɗorewa sai ta iya gogayya a farashi.

Gyaran da ba a sa masa ido ba

Sauya hanyar haɗa magani yana da nasa haɗarin. A watan Yulin 2018 hukumomin magunguna a Turai da Amurka suka fara janye maganin hawan jini na balsatan daga kasuwa, bayan an gano wani gurɓataccen sinadari mai suna NDMA, wanda ake kyautata zaton yana haddasa ciwon daji, a cikin kayan da kamfanin Zhejiang Huahai na ƙasar Sin ya samar. Bincike ya nuna kamfanin ya sauya yadda yake gina zoben tetirazol na maganin shekaru kafin nan, kuma ruwan narkarwar da ya koma amfani da shi ya haɗu da wani sinadarin suka haifar da gubar ba tare da an lura ba. A wasu masana'antun kuma, ruwan narkarwa da aka tace aka sake amfani da shi ne ya ɗauko gurɓatar. Sake amfani da kaya abu ne da masu kiyaye muhalli ke yabawa, amma idan babu ɗakin gwaji mai ƙarfi da hukuma mai bin diddigi, garin gyaran gira sai a rasa ido.

Abin da ya rage wa Najeriya

A shekarun baya hukumar NAFDAC ta sha bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Najeriya daga waje ake shigo da su. Kamfanonin cikin gida ma yawancinsu garin sinadarin suke sayowa daga Indiya da Sin da dala, su matse shi ya zama ƙwaya. Wannan ne ya sa faɗuwar darajar naira tun 2023, da janyewar kamfanoni irin su GSK daga sayar da kayansu kai-tsaye a ƙasar, suka bayyana nan take a farashin magani. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin ɗage haraji daga wasu injina da kayan haɗa magunguna, kuma kamfanin Emzor ya ɗauki aikin gina masana'antar sinadaran maganin zazzaɓin cizon sauro a Shagamu ta Jihar Ogun.

Ƙasar da yanzu take aza harsashin wannan masana'anta tana da damar da waɗanda suka riga ta ba su samu ba, domin ba ta da tsofaffin tukwanen da za ta ji asarar rushewa. Hanyar da aka zaɓa ranar da aka zana masana'anta ita za ta yanke yawan ruwan narkarwar da za a riƙa sayowa da dala, da wutar da za a ƙona a ƙasar da lantarki ke da tsada, da irin ruwan da zai gangara rafin maƙwabta. Mazauna kewayen Sharaɗa da Challawa a Kano, waɗanda suka daɗe suna fama da dagwalon masana'antun fata, sun san abin da ke biyo baya idan aka gina masana'anta ba a yi tanadin dattinta ba.

Cin moriyar wannan dama yana buƙatar abubuwa uku da suka rataya a wuyan hukuma da masu zuba jari. Na farko, sassan koyar da kimiyyar sinadarai da harhaɗa magunguna a jami'o'i su samu kayan aikin da ɗalibi zai taɓa da hannunsa. Na biyu, NAFDAC da hukumar kare muhalli ta NESREA su samu ƙarfin auna abin da ke cikin magani da abin da ke fita ta bututun bayan masana'anta. Na uku, manyan masu sayen magani, wato gwamnatoci da asibitoci da dillalan kasuwa, su riƙa tambayar inda aka samo sinadarin da yadda aka haɗa shi, kamar yadda suke tambayar farashi da ranar lalacewa.